DAGA 'YANDOTO ZUWA KWATARKWASHI: YADDA ƘASA KE TSARA HULƊARTA DA WAJE DA TSARON KANTA

  

GABATARWA

Duk lokacin da aka ambaci manufofin harkokin waje ko manufofin tsaro, da yawanmu hankalinmu yakan tafi Abuja ne, ko Landan, ko zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ka ce abin na masu kwat da lakataye ne kawai, ba ruwan manomin Tsafe ko ɗan tiredan Bungudu. Alhali kuwa tarihi ya nuna cewa fiye da shekara 200 ke nan ana yanke shawarar yaƙi da sulhu a fada, amma a gonakinmu da hanyoyinmu ake ganin sakamakonta.

Manufata a wannan maƙala ita ce in bi sawun yadda ake yanke irin wannan shawara, tun daga zamanin Daular Sakkwato har zuwa Nijeriyar yau, ina kallon al'amarin daga nan tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu. A iya fahimtata, tukunyar tsaron ƙasa a kan duwatsun murhu uku take zaune: shawara, da sahihin labari, da kuma rayayyun garuruwa a bakin iyaka. Kowa kuwa ya san abin da ke faruwa da tukunya idan dutse ɗaya ya goce.

'YANDOTO DA BIRNIN GADA

Malamanmu na tarihi sun karantar da mu cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, aka kuma ci Alƙalawa a 1808. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne rawar da ƙasarmu ta taka a tsakanin waɗannan shekaru. Bayan wahalar da jama'ar Shehu suka sha a Tsuntsuwa, Zamfara suka nufo a 1805, suka sauka a Sabon Gari, domin a lokacin Zamfarawa suna da tsohuwar gaba da Gobirawa, waɗanda suka ci Birnin Zamfara tun a ƙarni na 18. Ƙawancen bai daɗe ba, saboda rundunar da ke fama da yunwa ta takura wa talakawa wajen neman abinci, har garuruwa da dama suka juya mata baya. Wannan shi ne darasin farko: abokin da buƙata ta haɗa ku, cin amanar talakansa yana iya raba ku.

A nan ƙasar Zamfara ne kuma, a Birnin Gada, Muhammadu Bello ya gana da shugabannin jama'a na Katsina da Kano da Daura, ya isar musu da saƙon Shehu, suka yi mubaya'a. Daga wannan taro ne tarzomar da ke tashi nan da can ta zama tafiya ɗaya mai shugaba ɗaya.

Sai kuma batun 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke tsakanin Gusau da Tsafe, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Katsina, a yankin da ake kira Katsinar Laka. Malaman garin sun rabu biyu game da jihadi, mafi yawansu ba su goyi baya ba. Bello da kansa ya faɗa a littafinsa Infaƙul Maisur cewa kafin a kai ga faɗa sai da ya nemi a zauna a yi muƙabala da hujja, amma aka ƙi. Labarin dai daga bakin wanda ya yi nasara muka same shi, to amma ko a haka ya nuna mana ƙa'idar da shugabannin suka ɗora wa kansu, wato takarda da manzo su riga takobi isa. Daga cikin mutanen 'Yandoto da suka bi Shehu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Gusau, kamar yadda sarautar Tsafe ta riƙe sunan 'Yandoto.

WA KE YANKE SHAWARA A SAKKWATO?

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya tarar da ƙasa mai faɗi wadda abokan gaba suka kewaye: Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a arewa, Kabawa a yamma, Borno a gabas, ga kuma tawaye a cikin gida irin na Abdussalami a Kware da na Banaga ɗan Bature a nan Zamfara. Maganar ƙarshe a kan yaƙi da sulhu ta Sarkin Musulmi ce, amma ba shi kaɗai yake zama ya yanke ba. Akwai Waziri, wanda a zamanin Bello shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. A gidan Waziri ake rubuta wasiƙu, a can manyan baƙi suke sauka, shi kuma yake zagaya manyan masarautu irin su Kano da Zazzau. Idan muka kwatanta da yau, shi ne Ministan Harkokin Waje kuma Sakataren Gwamnati. Akwai kuma Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadima da Sarkin Yaƙi, kowace masarauta kuma tana da ƙofarta a fada, wato wanda take bi ta hannunsa. Alal misali, Bauchi ta hannun Magajin Rafi take bi, Katsina kuwa ta hannun Galadima.

Bayan waɗannan akwai malamai, domin kowane yaƙi sai an kafa masa hujja a Shari'a. Misali mafi shahara shi ne musayar wasiƙun da aka yi tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi na Borno, inda ya tambayi dalilin da ya halatta a yaƙi ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, su kuma suka mayar da amsa. Wato dai gwamnatoci biyu suna jayayya da alƙalami a kan halaccin yaƙi, kuma suka ajiye takardun har suka iso gare mu.

Ya kamata a lura cewa daular ba ta da runduna ɗaya ta dindindin. Idan kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, Sarkin Musulmi yakan aika wa sarakuna su zo da mayaƙansu, a yi yaƙin rani, kafin damina kowa ya koma gona. Wannan tsari ya yi amfani ainun a Gawakuke a 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Amma tsarin yana da rauninsa, kamar yadda za mu gani a gaba.

RIBAƊI: GARI SHI NE GARKUWA

Tunda rundunar rani ba ta iya tsare ƙasa shekara zagaye, Bello ya ɗauki manufar kafa ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin daga, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a yi masallaci da makaranta da kasuwa, a raba gonaki. Shi kansa ya bar Sakkwato ya tare a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Ya kuma kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna a gari, su yi karatu, su yi kiwon dawaki da raƙuma. A nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, ya jaddada cewa aikin sarki ne ya raya sana'o'i, ya gina garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. A wurin Bello ke nan, maƙeri da marini da malamin allo duk ma'aikatan tsaro ne.

Irin wannan aiki ne garuruwanmu suka yi. Gusau da Bungudu da Ƙauran Namoda da Zurmi ba a ƙarƙashin wani babban sarki guda aka sa su ba, kai tsaye suke bin Sakkwato, domin su ne ke kan hanyar da ta haɗa fadar Sarkin Musulmi da Katsina da Kano da Zazzau. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Tarihin gidan sarautar Gusau ya nuna cewa tsananin hare-hare ya sa jama'ar Malam Sambo suka bar garin, suka zauna a Wonaka da Rawayya, sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 suka dawo.

Inda babu irin waɗannan garuruwa kuwa, daji ne ya cinye. Bature Clapperton a 1824, da Barth a 1853, dukansu sun ba da labarin dajin Gundumi, wanda ayari ke ratsawa dare da rana ba hutawa don tsoron mahara. Haka kuma yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Katsina da Maraɗi, musamman boren Ɗan Mari a shekarun 1840, sun watse garuruwan yankin Ruma, ƙasar noma ta koma ƙungurmin daji. Duk wanda ya san abin da dajin Rugu ya zame mana a yau ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ƙauyen da aka bari ya tashi, ba ya zama kango kawai, sansani yake zama ga wani.

BAƘI DAGA BAKIN TEKU

A watan Maris na 1824 Kyaftin Clapperton, wanda aka laƙaba wa suna Abdullahi, ya iso Sakkwato da saƙon Ingila. Bello ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma rubuta wa Sarki Joji na Huɗu cewa yana son a aiko masa da jakada da likita, a buɗe ciniki. Amma da baƙon ya dawo a 1826, ya tarar ana yaƙi da Borno, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da makamai zuwa ga El-Kanemi. Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe kayan. Tuni kuma labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki ya iso fada ta bakin Larabawa fatake. Wannan shi ne amfanin dutse na biyu, wato labari. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

A 1853 Barth, wato Abdulkarimu, ya ratsa Zamfara ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sami takardar amincewa da ciniki. A 1885 Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama Kamfanin Neja, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. A 1891 kuma Bafaranshe Monteil ya zo da tasa takardar. A nan ne gizo ya fara saƙa. A fahimtar fada, an ba baƙi amana ne su yi ciniki, kuɗin da suke biya duk shekara kuwa gaisuwa ce irin ta mai neman kariya. A Turai kuwa, ana nuna waɗannan takardu a matsayin shaidar cewa an miƙa ƙasa.

Ana cikin haka, Ingila da Faransa suka zauna a 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka ɗora tsinin kamfas a kan birnin Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100. A 1904 da 1906 suka gyara layin domin Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, abin da ya jefa Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi a ɓangarenta. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga Sakkwato ko Maraɗi ba. An yi mana aski ba ma nan.

RANAR DA DUWATSU SUKA GOCE

Zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, daga 1891 zuwa 1902, shi ne zamanin da aka fi buƙatar haɗin kai, shi ne kuma aka fi rasa shi. A shekarar da ya hau aka yi rikicin Mafara. A 1892 aka kai yaƙi Argungu aka dawo ba nasara. A 1893 ya naɗa Tukur Sarkin Kano, duk da cewa Waziri Buhari ya ba da shawarar kada a yi haka, abin da ya jawo yaƙin Basasar Kano har zuwa 1895. Dutsen shawara ke nan ya goce.

Daga nan Turawa suka riƙa ɗaukar masarautu ɗaya bayan ɗaya: Bida da Ilori a 1897, Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi a 1902, Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Kowace ta fuskanci abokin gaba ita kaɗai, domin tsarin tara mayaƙa da rani an yi shi ne don maƙwabci mai doki da mashi, ba don rundunar da ke cin albashi tana tafiya da igwa a kowane lokaci na shekara ba.

Lokacin da aka ci Kano, Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato da mayaƙansa. A nan ƙasar Zamfara labari ya same su, kuma a nan kansu ya rabu. Sarki ya bar rundunar da dare ya yi arewa. Wambai Abbas ya ja wani ɓangare suka koma Kano suka yi sulhu, daga baya ya zama sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi faɗa. A ƙarshen Fabrairu, a kusa da Kwatarkwashi, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu ta yanzu, dawakin Kano suka yi ta kai sukuwa kan wata 'yar rundunar da ba ta kai mutum 50 ba, wadda ta yi sahu mai kusurwa huɗu tana ruwan harsashi. Waziri ya faɗi a wurin tare da manyan Kano da dama, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Ba jarumta suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne shugabanci ɗaya da sanin irin makamin da ke gabansu.

A Sakkwato ma ra'ayi uku ne a gaban sabon Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. Ba a gama daidaitawa ba Nasara suka iso, aka kara a filin Giginya ranar 15 ga Maris. Attahiru ya yi gabas, ya biyo ta Gusau, talakawa suka riƙa barin gonaki suna bin sa, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Waziri Buhari kuwa, bayan ya nemi fatawar malamai, ya dawo ya zauna da Turawa don a tsirar da addini da rayukan waɗanda suka rage. Ni dai ban ga wanda ya isa ya zargi ɗayansu ba. Abin baƙin cikin shi ne shawarar da ta kamata a yi tun 1897 sai aka zo yin ta abokin gaba yana bakin ganuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

DAGA MULKIN MALLAKA ZUWA MULKIN KAI

Shekara 57 da suka biyo baya ba mu da wata manufar waje tamu. Abokin Ingila shi ne abokinmu, maƙiyinta maƙiyinmu. Da haka aka kwashi samarin ƙasar nan zuwa yaƙin Bama a shekarun 1940, wasunmu ma sun taso sun tarar da tsofaffin sojan a unguwanninsu.

Da aka sami mulkin kai a 1960, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar harkokin waje da kansa har zuwa 1961 da ya miƙa wa Jaja Wachuku, Muhammadu Ribaɗu kuwa yana Ministan Tsaro. Tun a wannan lokaci aka ga cewa jama'a suna da bakin magana. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, majalisa ta amince, amma ɗalibai da 'yan adawa suka tayar da ƙayar baya, har aka soke ta a watan Janairu na 1962. A 1961 kuma Nijeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara.

Zamanin soja kuwa, 'yan mutane kaɗan ne ke yanke hukunci a barikin Dodan. Wani lokaci abin yakan yi kyau, kamar yadda Janar Murtala ya amince da gwamnatin MPLA ta Angola a 1975 duk da matsin lambar Amurka. Wani lokaci kuma talaka ne ke kwana a ciki, kamar rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986, wanda ya zo daidai da fari, ya gigita 'yan'uwanmu na Nijar da 'yan kasuwarmu baki ɗaya. Haka aka tura dakarun ECOMOG Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, ba tare da wata zaɓaɓɓiyar majalisa ta tambayi adadin rayuka da kuɗin da za a kashe ba.

ABIN DA TSARIN MULKI YA TANADA

Tsarin Mulkin 1999 ya sa tsaro da harkokin waje da 'yan sanda da kwastan a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Sashe na 19 ya jera manufofin waje, waɗanda suka haɗa da kare muradun ƙasa, da haɗin kan Afirka, da mutunta yarjejeniyoyi, da sasanta rikici ta hanyar tattaunawa. Shugaban Ƙasa shi ne Babban Kwamandan Askarawa, amma an ɗaure masa hannu a wurare da dama. Sashe na 5 ya ce ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince, ba kuma zai tura soja fagen fama a waje ba sai da yardar Majalisar Dattawa. Idan barazana ta taso ta gaggawa, yana iya turawa bayan ya shawarci Majalisar Tsaron Ƙasa, amma dole ya nemi yardar dattawan cikin kwana 7, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14. Sashe na 12 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka. Jakadu ma sai dattawa sun tantance su, kuɗin sayen makamai kuma sai ya bi ta kasafin da majalisa ta zartar.

Akwai majalisun ba da shawara guda biyu da Shugaban Ƙasa ke jagoranta, ɗaya ta harkar soja, ɗaya ta tsaro gaba ɗaya, inda ministoci da manyan hafsoshi da Mai Ba Da Shawara Kan Tsaro suke zama. Abin lura a nan shi ne, a cikinsu babu kujerar da aka keɓe wa gwamnan jihar da ke bakin iyaka, balle sarki. Tsohuwar ƙofar da Sarkin Katsinan Gusau ko Sarkin Fulanin Bungudu yake bi labarinsa ya isa kunnen mai yanke hukunci, sabon tsari bai yi mata madadi ba.

Ba kuma za a ce ba mu da mutane a sama ba. Janar Aliyu Muhammad Gusau ya riƙe muƙamin Mai Ba Da Shawara Kan Tsaro daga 1999 zuwa 2006, ya sake riƙewa a 2010, ya kuma yi Ministan Tsaro daga 2014 zuwa 2015. Mansur Ɗan Ali ya gaje shi har zuwa 2019. A 2023 aka naɗa Bello Matawalle Ƙaramin Ministan Tsaro. Wannan ya isa ya nuna mana cewa matsalar ta fi ƙarfin a ce ɗanmu yana kan kujera. Magana ce ta tsari.

DARASIN 2023

Ranar 26 ga Yuli, 2023, soja suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ba da wa'adin kwana 7, tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Nan take sanatocin Arewa suka tunatar cewa jihohi 7 ne ke maƙwabtaka da Nijar, har da Zamfara ta wajen Zurmi, a kan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta shawarci Shugaban Ƙasa ya bi hanyar siyasa da lalama. Aka tura Janar Abdussalami Abubakar tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'adu Abubakar, wanda shi kansa tsohon janar ne, daga baya kuma ayarin malamai suka je Yamai suka gana da Janar Tiani. Ba a yi yaƙin ba, aka kuma buɗe iyaka ta ɓangarenmu a watan Maris na 2024.

A wannan karo dutsen shawara ya yi aikinsa, kuma muryar mutanen bakin iyaka ce ta tsayar da shi. Amma an yi asara, domin Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Mu kuwa mun san cewa bindigogin da suka bazu a Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ba ta sama suke zuwa dazuzzukanmu ba. Duk ranar da jami'an tsaron ƙasashen biyu suka daina gaisawa, mai fasa-ƙwaurin makamai ne ke cin riba, mutumin Tsafe ne kuma ke biya.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mun ga yadda aka hana haƙar ma'adinai a 2019, aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a watan Satumba na 2021, aka kuma kafa rundunar Askarawan Zamfara a 2024. Kowane mataki yana da dalilinsa. Amma tambayar da tarihi ya bar mana ita ce ta Muhammadu Bello: ƙauyuka nawa ne suka tashi, kuma wa zai mayar da mutanensu da makarantarsu da kasuwarsu? Soja yana iya korar ɓarawo daga daji, amma manomi da makiyayi da malamin makaranta ne kaɗai ke iya hana shi dawowa.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, tunda a cikinmu akwai lauyoyi da malaman jami'a da tsofaffin jami'an tsaro, mu riƙa rubuta matsayarmu muna miƙa wa sanatocinmu da wakilanmu duk lokacin da za a yi kasafin tsaro ko wata magana da ta shafi iyaka. Na biyu, mu ɗauki nauyin karatun wasu daga cikin yaran da aka raba da garuruwansu, domin ajin da aka buɗe shi ne ribaɗin wannan zamani. Na uku, mu roƙi hukumar makarantarmu ta ƙarfafa darasin tarihi, a kuma riƙa kai ɗalibai su ga 'Yandoto da Kwatarkwashi idan hanya ta yi kyau, don su san cewa a ƙofar gidansu aka yi abin da suke karantawa.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu da rahama. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari da kunnen sauraro, amin.